Damin Farko

Na dawo daga Japan da takardar shaida
da waya cike da hotuna.
Shekara biyu ina koyon dashen shinkafa,
yau ga ni a Zuru, bisa tabarmar Inna Kande,
tana ɓarar gyaɗa, ina tura mata hotuna da ɗan yatsa.

Na ce, Inna, dubi wannan jar ƙofa,
ba katanga, ba ƙyaure, ita kaɗai a tsaye.
Kafin ka ratsa sai ka rusuna.
Ga ludayi a bakin ruwa: ka wanke hagu, ka wanke dama,
ka kurkure baki.
In kaka ta yi, can ake kai sabuwar shinkafa
kafin kowa ya kai loma.

Ko kai ba ta ɗaga ba.
Ta ce, "Ɗantani, sai da ka hau jirgi?"

Da asuba, ina shafa addu'a,
sandarta ta ƙwanƙwasa ƙofa.
"Ɗauki damin nan."
Jar dawa ce, raɓa ba ta sake ta ba.

Muka wuce famfon da ya mutu tun bara,
muka wuce firamare,
muka bi ta gonar rake har ƙasa ta zama dutse.
Tana gaba, ba ta haki.
Ni mai digiri ina baya, wuya na karkarwa.

A inda tsamiya biyu suka haɗa kai
ta tsaya, ta tuɓe takalmi.
Ba wanda ya shafa musu jan fenti,
amma gwiwata ta gane ƙofa
kafin idona ya gane.

Akwai randa, rabinta a ƙasa,
da ludayin duma mai ɗinki a gindi.
Akwai tsoho Noma, mai tsaron wurin,
cikin rigar ƙwallo da ta koɗe,
ya kashe rediyonsa don ganinmu.
Can ƙasa tafki ya yi shiru,
wani abu mai kama da gungume
ya buɗe ido ɗaya, ya rufe.

Inna ta ce, "Da bazara gumba muke kawowa,
hadari na haɗuwa yana watsewa.
Da damina ba mai sa lauje a nan,
ciyawa ma tana da ranarta.
Da rani samari ke share wurin, su sake jinka.
Da suna yi dai.
Yanzu duk suna kan babur."

Na ce, Inna, ni fa na yi salla.
Ta ce, "Ni rawa ka ga na yi?
Roƙo na Allah ne.
Nan gaisuwa na zo."

Ta zare zangarniya uku ta ajiye bisa dutse,
ta fara kiran sunaye:
Bawa, Tani, Ango mai baka,
Azumi da ruwa ya ci,
har ta iso kan ubana,
muryarta ta yi tuntuɓe, ta miƙe, ta wuce.

Na laluba aljihu.
Noma ya girgiza kai, ba faɗa.
Hoto ɗari uku na ɗauko a ƙasar wasu,
a nan ko ɗaya.

A hanyar gida ta tambaye ni,
"Su can, 'ya'yansu na zuwa?"
Na ce suna zuwa, Inna, ran sabuwar shekara har layi ake.
Ta yi tafiya mai tsawo ba magana,
sandar na ƙirga duwatsu.
Sai dab da famfo ta ce,
"Baɗi damin zai fi ƙarfin Noma."

Ban amsa ba.
Na yi wanka da sabulu har sau biyu,
amma kwana uku cur
ƙaiƙayin dawar nan bai bar wuyana ba.